Kunne Ma Da Gidansu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Gidajen Rediyon Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga manajoji da editoci da furodusoshi na gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye da Hausa, na gwamnati da na 'yan kasuwa, a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da sauran manyan biranenmu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da fama. Na san abin da ake sha kafin a riƙe tasha tana magana daga asuba har tsakar dare da man dizal na wannan zamani. Ni ma naku ne. Shekara 24 na yi ina wannan aiki, daga ɗauko rahoto a kasuwa har na kai kujerar edita, kafin na ajiye na koma gida. Saboda haka duk laifin da za ku ji na ambata a nan, da hannuna a cikinsa dumu-dumu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Zan fara da akwatin rediyon gidanmu, don a jikinsa na koyi abin da na zo faɗa muku, ko da yake sai da furfura ta fito sannan na gane na koya.

A wani ƙauye na ƙasar Jibiya aka haife ni, inda in ka miƙe arewa, kafin ka gaji ka shiga ƙasar Maraɗi. Akwati ɗaya ne a gidan, mai jakar fata, mai cin manyan batura. Da an sallame sallar asuba Baba zai fito da shi zaure, ya zare eriya, ya yi ta murɗawa har ya kamo Landan a gajeren zango. Shi bafatake ne, kullum ƙafarsa ɗaya a nan ɗaya a tsallake, don haka kunnensa na kan wa ya hau mulki, wa aka tumɓuke, ina ake yaƙi, wace hanya aka rufe. Ranar Juma'ar da aka kashe Janar Murtala, a Fabrairun 1976, zauren nan ya cika har waje, ba mai ko tari. Ina yaro a lokacin, amma har yau ina jin ƙugin akwatin a cikin shirun nan.

In Baba ya fita, akwatin ya shiga cikin gida, sai ya zama wani abu daban. Inna ba ruwanta da Landan. Kaduna take kamawa don gaishe-gaishe da waƙoƙi, ko ta murɗa zuwa Yamai, saboda danginta duk suna can. Sanarwar rasuwa take jira, ko ta ji an ambaci wani gari da ta sani. Sau da yawa na ga ta tsayar da daka, taɓarya a hannu, don kawai an ce Tibiri ko Madarunfa. Ita kuwa kakata, wadda muke kira Iya, har ta koma ga Allah ba ta yarda da akwatin nan ba. Duk labarin da aka kawo mata aka ce rediyo ne ya faɗa, tambayarta ɗaya ce: "Shi mai faɗin, ɗan gidan wa ne?" Mu yi ta dariya, muna cewa Iya ba ta waye ba.

Gida ɗaya, tuwo ɗaya, akwati ɗaya, amma kowa da abin da ya zo nema a cikinsa da abin da yake shirye ya gaskata. Fatauci ne ya sassaƙa kunnen Baba. Aure nesa da dangi ya sassaƙa na Inna. Iya kuwa ta taso a zamanin da magana ba ta da nauyi sai an san bakin da ta fito, kamar yadda malamai ba sa karɓar hadisi sai sun bi masu ruwayarsa ɗaya bayan ɗaya. Yau ina ganin a cikinmu duka ita ce ta fi kusa da sanin aikin jarida.

Tambayar Iya nake son in juyo muku da ita. Waɗanda ke zaune a ɗakunan labaranku, 'ya'yan gidan wa ne?

Ku tuna abin da ya sa aka kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, aka kuma fara buga jaridar New Nigerian a 1966. Sardauna da mutanensa sun gaji da jin labarin Arewa daga bakin jaridun Legas da Ibadan, waɗanda masu rubuta su ba su taɓa kwana a cikinmu ba. Wannan kukan har gobe ba mu daina shi ba. Wanda ya ga Kaduna a Nuwamban 2002 ya san inda rashin sanin kunnen mai karatu ke kaiwa: wata matashiyar marubuciya a jaridar ThisDay, da ta yi karatunta a Ingila, ta jefa wata jimla game da Manzon Allah (SAW) a cikin sharhi kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. A inda ta taso, ta ɗauki maganar raha ce. A inda maganar ta sauka, wuta ce. Jaridar ta yi ta ba da haƙuri, amma sama da mutum 200 sun mutu. Ba na wanke wanda ya ɗauki wuƙa ko ashana, jinin yana wuyansa. Na kawo misalin ne don dukanmu a lokacin mun ce, "Ba su san mu ba."

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Abin da muke zargin Legas da yi mana, shi muke yi wa mutumin Batsari da na Gwadabawa da na Maigatari. Mu ne Legas ɗinsu.

Ku leƙa ɗakin labaranku gobe da safe ku duba fuskoki. Yawancinmu 'ya'yan birni ne, ko waɗanda suka bar ƙauye tun suna sakandare ba su sake kwana bakwai a jere a can ba. Jami'o'i ƙalilan muka bi, malamai kusan ɗaya suka koyar da mu, kuma da Turanci. Labari ma da Turanci yake iso mana, daga kamfanin dillancin labarai ko daga takardar sanarwar gidan gwamnati, mu zauna mu sa masa riga da hula. Shi ya sa za ka ji mai karanta labarai ya ce "a wani ci gaban kuma", alhali abin da ke biye gobara ce ko kisan kai. Wane ci gaba? Za ka ji an ce tattalin arziki ya haɓaka da kashi kaza cikin ɗari, a wuce, ba a faɗa wa mai sauraro nawa tiyar gero take a Dawanau yau ba, wanda shi ne tattalin arzikin da ya sani. Ba mugunta ke sa mu haka ba. Mutum abin da ya dame shi shi yake zaton ya dami duniya. Ramin da ke kan titin da edita ke bi zuwa ofis yana iya cin sati guda ana maganarsa. Gadar da ta karye tun farkon damina ta raba ƙauyuka da asibiti kuwa, shiru, don ba kowa a ɗakin da uwarsa ke bi ta kanta.

Ni kaina da Hausar gidanmu na zo. A makona na farko aka ba ni labari in karanta na gwaji, na ce "gwamna ya tahi", na ce "ya hwaɗi". Ɗakin ya fashe da dariya. Babbanmu, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, ya ja ni gefe ya ce, "Yaro, in kana son aikin nan, ka riƙa barin Katsinancin nan a bakin ƙofa tare da takalmanka." Wata guda na yi ina gyara bakina ni kaɗai a ɗaki, kamar mai koyon sabon yare. Na kuwa iya. Da na je gida hutu, Inna ta dube ni ta ce, "Mun ji ka, ɗan nan, amma kamar ba kai ba." Na ɗauka yabo ne.

Kada ku ce ina kira a yi watsi da daidaitacciyar Hausa. Tana da ranarta, musamman a rubutu da kanun labarai, don kowa ya fahimta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda muka ajiye sauran. Sakkwatanci da Katsinanci da Gobiranci da Hausar Bauchi ba sa shiga situdiyo sai a wasan kwaikwayo, a bakin wawa. Baƙauye shi ne wanda bai iya buɗe famfo ba, Bafulatani shi ne mai gudun mota, Bamaguje shi ne mashayi. Na rubuta irin waɗannan wasanni da hannuna, aka yi dariya, aka yaba mini. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa akwatin da ke zauren gidanmu ma yana kama tashar ba.

Darasin da ya fi tsada a shekarun aikina shi ne na shan inna. A 2003, da Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, an yi ta kawo mana saƙonnin faɗakarwa da aka rubuto da Turanci, mu fassara, mu sa kiɗa, mu yi ta maimaitawa safe da yamma. Saƙon ɗaya ne: ɗigon nan ba shi da illa, ku fito da 'ya'yanku. Mu kuwa muna zaune a situdiyo muna mamakin taurin kan mutane. Abin da muka kasa ji shi ne, kunnen da saƙon ke faɗawa ciki yana da tarihi. Shekara bakwai kacal kafin nan, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, magana ta kai kotu. Ku ɗauki uwar da ta ji wannan labari daga bakin maƙwabciyarta, wadda ta san in ɗanta ya yi zazzaɓi ko farasitamol ba za ta samu kyauta a asibiti ba, sai ga mutane har ƙofar ɗakinta da magani kyauta na cutar da ba ta cika gani ba. In ta yi turjiya, tambayar Iya take yi. Mu kuma ba mu amsa mata ba, ƙarar kiɗa kawai muka ƙara. Kano ta koma rigakafin a 2004, amma zukata ba su sauko ba sai da sarakuna da limamai da matan unguwa da waɗanda cutar ta nakasa suka shiga gida-gida, wato sai da maganar ta fito daga bakin da aka san gidansu. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Idan na tuna yaran da suka shanye a tsakani, nakan tambayi kaina ko da mun zauna mun saurari iyayensu tun farko, da an rage wasu.

Yanzu da na zama mai sauraro zalla, ina zaune a Jibiya, na fi ganin zurfin ramin. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, abin da na yi ta ji a tashoshinku shi ne shinkafa: shinkafar waje, shinkafar gida, 'yan fasa-ƙwauri. A nan kuwa maganar ita ce an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ɗan acaɓa da mai injin niƙa da mai noman rani duk suka shiga uku. Maganar ita ce matar da uwarta ke jinya a Ɗan Isa ta rasa yadda za ta yi ta je. Da sojoji suka karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka yanke wa Nijar wuta, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, ana ta maganar tura dakaru, kun gayyato masana sun yi ta sharhi kan dimokuraɗiyya da Faransa da Rasha. Ba laifi. Amma dattijon da muke zama majalisa ɗaya da shi, tambayarsa ita ce, yanzu ɗansa da ke soja za a tura ya harbi ɗan ƙanwarsa? Kaɗan ne daga cikinku suka kai wa irinsa abin magana.

Kuma muryarku ba ta tsayawa a shingen kwastan. Ana jin ku a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, yanzu ma da intanet ana jin ku a Nima ta birnin Akra, da zangon Kumasi, da unguwar Hausawa ta Yawunde, har Mai Wurno ta Sudan. Ƙungiyar da kuke kira ECOWAS, mutumin tsallake CEDEAO ya san ta. In ya ce jika guda, sefa 1,000 yake nufi, kai kuwa jakarka naira 200 ce. A 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tashar da ke kan iyaka kuma ba ta da mutum ko ɗaya da ya san wannan Hausar daga gida, ta bar rabin kasuwarta ga wasu.

Sai shirye-shiryen kiran waya, waɗanda kuke kira muryar jama'a. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan shiri ya san gaskiya: mutum ashirin ne ko talatin, kullum su ne, har mun haddace muryoyinsu da laƙabinsu. Maza ne, masu kati a waya, masu sabis, masu lokacin zama. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da tamu. Watannin nan rediyo kaɗai ya rage mana. Muna zaune muna jin ana tafka muhawara a kanmu, ana buɗe layi, mutanen birni na kira suna yaba matakin ko suna kushe shi, mu da abin ya shafa ba mu da bakin magana. Ban ga laifin masu kira ba. Amma a lokacin ne ya kamata a ga ɗan rahoto da rikoda a tashar mota, yana tarar waɗanda suka fito daga ciki.

A cikin gida kuwa, wa ya kai mata sauraro? Akwati a gefen murhu, daga hantsi har la'asar. Amma ku duba jadawalinku ku ga me aka ware musu: girki, kwalliya, da wa'azin biyayyar miji, wanda sau da yawa namiji ne ma ke gabatarwa. Tarihin adabinmu ya isa ya koya mana wani abu a nan. Shekaru da yawa maza 'yan boko ne ke rubuta littattafan Hausa, kuma abin da ya dami maza suka rubuta. Da mata suka kama alƙalami daga shekarun 1980, sai ga auren dole da kishi da zawarci da wulaƙancin dangin miji sun cika shafuka. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana ƙaramar yarinya. Ba wanda ya isa ya koya mata yadda ake rubuta wannan ciwon. Masana suka raina littattafan, suka laƙaba musu "adabin kasuwar Kano". Ranar da gidajen rediyo suka fara karanta su a iska, kun ga yadda mata suka manne wa akwati. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in ɗan ratse. Mukan zauna mu yi ta zagin 'yan fim cewa sun kwaikwayi Indiya. To me muke jira? Tun shekarun 1950 masu gidajen sinima 'yan Labanan ke kawo fina-finan Indiya, yaran Kano suka tashi a layin Plaza da Orion da Eldorado, daga baya talabijin da bidiyo suka shigar da su har ɗakin mata. Da waɗannan yaran suka girma suka riƙe kyamara daga 1990, abin da idonsu ya sha shi hannunsu ya zubo. Mu ma haka ne, sai dai namu Landan ce. Har karyar da murya da jan numfashi na masu karanta labaran BBC, wadda ta fara Hausa tun 1957, muka kwaikwaya, ba wanda ya zage mu.

Akwai wani da nake jin nauyin ambatonsa, amma dole. Makiyayi da rediyo rataye a kafaɗa, yana bin shanu, ba na jin kuna da mai sauraro mai amana kamarsa. Shekarun nan kusan ba ya jin sunan ƙabilarsa a iska sai haɗe da 'yan bindiga. Ni ɗan yankin da aka ƙona wa rumbuna ne, an kashe mini dangi, ƙauyen da na ba ku labarinsa a sama yau rabinsa kufai ne. In na ji an ce "Fulani sun kai hari", wani abu a ƙirjina yakan ce haka ne, a faɗa. A shekaruna na ƙarshe a kujerar edita, lokacin da satar shanu ta fara ƙamari, na bar irin wannan jimla ta wuce ba sau ɗaya ba. Ban ƙirƙiri ƙarya ba, amma ciwona ne ya zaɓa mini kalma. Da akwai ɗan ruga ɗaya a teburin nan, da ya tambaye ni: shanun da aka fara sacewa na wa ne, kuma wa 'yan sa-kai suka tare a hanyar kasuwa don kawai kamanninsa? Da na ji haushinsa, amma da labarin ya fi cika. Haka nan Bahaushe Kirista na Wusasa ko na karkarar Katsina da Kano, da dubban mutanen kudancin Kaduna da Filato da Bauchi da ke ibada da Hausa, waɗanda cikakken Littafi Mai Tsarki ya iso musu da wannan harshe tun 1932, suna jin mu muna magana kamar ba sa cikin ɗakin.

Za ku ce zamani ya wuce wannan, yanzu kowa da wayarsa. Shi ne ma abin tsoron. Yaron ƙauyen da kuka ƙi ɗauka aiki yana nan ya buɗe shafinsa a TikTok ko Facebook, yana magana da Hausar uwarsa, kuma ana jin sa. Saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wanda wani ya naɗa a kan babur iska na kaɗawa, yakan fi labaran ƙarfe bakwai ɗinku shiga zuciya a majalisarmu, ko da ƙarya ce tsagwaronta, saboda mai maganar ya yi kama da ɗan gida. Na ga yadda saƙo ɗaya na ƙarya ya watsa kasuwa da rana tsaka. Ita kuma wayar, abin da ka saba so shi take ƙara tura maka, har mutum ya zaci duniya duka ra'ayinsa gare ta. In ku da kuke da horo da dokar aiki ba ku da bakin da mutanen nan suka yarda da shi, wanda ba shi da ko ɗaya zai riƙe su.

Na san amsar da ke bakinku, don ni ma na sha ba da ita: kuɗi. Talla daga 'yan siyasa da 'yan kasuwar birni da masu maganin gargajiya take zuwa, mutumin ƙauye ba ya sayen fili. Gaskiya ne. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi. Sharaɗin digiri da kuke kafawa kafin a ɗauki mutum yana kore muku mafiya iya Hausa, waɗanda suka yi karatun allo da na zaure, da matan da suka tsaya a Islamiyya. Alhaji Abubakar Imam, editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, abin da ya sa Hausarsa ta zauna daram shi ne ya haɗa karatun gidan malamai da na Kwalejin Katsina, bai jefar da ɗaya don ɗaya ba. Ku buɗe ƙofa ga irin waɗannan, ku koya musu aikin a ciki. Wanda ya zo da "tahi" ɗinsa ku bar masa abinsa in yana kawo rahoto daga garinsu. Wakilan da kuke da su a ƙananan hukumomi kuma, don Allah ku biya su. Wakilin da ba shi da albashi, wanda shugaban ƙaramar hukuma ne ke ba shi kuɗin mota, kun san kunnen wa zai ara.

Nijar, da duk talaucin da muke yi mata gori da shi, ta buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare tun 1999, yau tana da sama da 100, inda manomi ke jin maƙwabcinsa a iska. Mu sai a 2015 aka ba da lasisi 17 a faɗin ƙasar nan. Ku da kuke da baki a wurin hukuma, ku taya karkara neman nata, kada ku ɗauke su kishiyoyi. Daga can za ku samu 'yan rahoton gobe.

Ba na cewa asali ƙaddara ce da ba ta canzuwa. Na yi aiki da wani ɗan cikin ganuwar Kano, wanda bai san bambancin gero da maiwa ba, aka tura shi shirin manoma kamar horo. Damina guda ya yi yana kwana a ƙauyuka, ya dawo da kaushi a ƙafa da wani kunne daban, shirinsa ya zama wanda manoma ke barin gona su zo ji. Amma sai da ya fara yarda cewa akwai abin da gidansu bai koya masa ba.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne. A taron editoci na ranar Litinin mai zuwa, kafin a rarraba aiki, ku zagaya teburin, kowa ya faɗi inda yake kwana lokacin yana ɗan shekara goma, da abin da ake saurare a gidansu, da wa ke riƙe akwatin. Ku rubuta amsoshin a takarda ku duba wa babu. Sannan ku ɗauki yaro ɗaya da rikoda ku turo shi nan, ba don an kai hari ba, haka kawai, ya yi mako guda. Ya sauka a gidana, akwai tabarma, akwai fura. Ku dai gaya masa ya taho da batura masu yawa, don wuta ba ta cika zuwa ba.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon edita,
Jibiya, Jihar Katsina.